Tsaga Biyu a Jikin Sandar Mai Sikeli

Shekara talatin da huɗu Mai Sikeli ya yi a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a bakin ƙofar kamfanin ƙarafa, yana auna manyan motoci. Mota ta shigo da lodi ta hau sikeli, ya rubuta. Ta sauke ta fito wayam, ya sake rubutawa. Aikin ke nan, ba ƙari, kuma shi ne ya cinye masa suna, har 'ya'yan cikinsa in aka tambaye su 'ya'yan wane ne, sai su ce na Mai Sikeli.

Kada a gyara masa hali don ya tsufa: mutum ne mai wuyar sha'ani. Direbobi sun ƙi jininsa, kuma da dalilinsu. Kafin mota ta hau sikeli ya riga ya leƙo ta taga ya dubi yadda ƙafafunta suka zauna, ya san abin da ta ɗauko, da kyar ya kuskure da buhu biyu. Wani zai cika tanki da ruwa ya ɓoye, wani ya kwantar da ƙarti biyu a bayan kujera don lodi ya ƙara nauyi. Sai dai ka ji murya ta taga: "Direba, ce wa baƙinka su sauko su sha iska." An miƙa masa abu a dunƙule ya ƙi, an zage shi ya share. Akwai shekarar da wani manaja ya ce ya riƙa ɗan sassauta alƙalami, ya ce shi hannunsa bai iya ba. To, ai kuwa ya gani. Waɗanda ya koya wa aiki duk suka haye bene suka zama shugabanninsa, shi kuwa a ɗakin nan ya yi furfura, shi da wata fanka mai fiffike biyu. Ranar da ya ajiye aiki aka ba shi agogon bango. Ko wannan bai ƙyale ba. Ya rataye shi kwana huɗu, ya gano yana gudu da minti uku a rana, ya naɗe musu abinsu ya mayar.

Duk wanda ya san shi yana mamakin yadda aka yi ya sami mace irin Inna Tela. Ita ce mai ɗinkin unguwar, mace mai jiki, mai fara'a, in ta bushe da dariya a kan keken ɗinkinta har bakin titi ana ji. Kilo tamanin da shida, in ji shi, kuma bai taɓa ɗora ta a sikeli ba. Cikakken Lodi yake ce mata in abin tsiyarsa ya motsa. Ita kuwa takan ce, "Kai dai Malam, ka auna duniya kaf, bakinka kaɗai ka manta." Suna da wata tsohuwar mota da ya saya hannu na uku shekara ashirin da suka wuce, wadda a da shuɗiya ce. In Inna Tela ta shiga gaba, motar takan ɗan sunkuya ta gefenta, maƙwabta su yi ta yi musu ba'a. Shi kuwa daɗin abin yake ji. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma in yana tuƙi ya ji motar ta ɗan karkata wajenta, hankalinsa kwance yake.

Sai ciwon daji ya kama ta. A mama ya fara mata. Aka yi aiki, aka ce an cire. Bayan shekara biyu ya dawo ta ƙashin baya da ƙugu, kuma daga nan rayuwar gidan ta koma jiran ranar Alhamis. Kowace Alhamis da safe Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aure a bayan layinsu, takan zo ta shirya uwar, ta riƙo ta a hankali har mota. Inna Tela ba ta yarda mijinta ya ɗaga ta ko ya tallafe ta, wai hannunsa kamar filaya yake. Nasa tuƙi ne kawai. Ya kai su babban asibiti inda ake ɗaura mata ruwan magani na awa huɗu, ya sami gindin bishiya ya zauna a mota yana jira. Bai taɓa shiga ciki ba. Ya ce warin asibiti hawar masa kai yake. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Tsoro yake ji, tsoron da bai san inda zai ajiye shi ba.

Tafiyar kilomita goma sha ɗaya ce, kuma ya san ramukanta ɗaya bayan ɗaya. Mafi muni su ne tsallaken layin dogo da gaban kasuwar katako, inda kwalta ta ɓare ta bar tsakuwa. Tun bara ƙafar gaban motar ta fara ƙara. Da fari ɗan ƙwas-ƙwas ne, daga baya kuwa ko dutse taya ta taka sai ka ji gwaram, kamar an jefa guduma a bokiti. In ya taka birki motar ta fizge gefe. Ya sani sarai, don kunnensa ba ya ruɗinsa. Ya dai yi ta cewa sai an sami sarari.

Wata Alhamis da suka dawo, Auta ta kwantar da uwarta, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki da makulli a hannu.

"Malam," in ji Inna Tela, fuskarta na kallon bango, "ni fa na gama shiga motar nan."

"Kamar yaya kin gama?"

"Kowane rami a ƙashina yake sauka. Alhamis mai zuwa ba inda za ni."

"Motar ce?"

Ta juyo ta dubi Auta, Auta ta dubi ƙasa. Can Inna Tela ta ce, "Motar ce."

"To in motar ce ai da sauƙi."

Ya fita tsakar gida, Auta ta biyo shi tana goge ido da bakin mayafi.

"Baba, tsaya ka ji abin da likita ya ce yau."

"Likita ya san aikinsa, ni ma na san nawa."

"Baba, cewa ya yi ruwan nan ya daina..."

"Miƙo min tocila a kan taga."

Bai bari ta ƙarasa ba. Da ta kawo maganar a ɗauki motar haya ma tsawa ya daka mata, wai wane direban haya ne ya san ramukan nan kamarsa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: ranar da matar nan ta daina zuwa Alhamis, ta tafi ke nan. Ta ce mota ce, to shi zai gyara mota. Kwana shida gare shi.

Washegari ya ɗaga gaban motar da jak, ya tura gungumen katako biyu a ƙarƙashi, don shi ba ya ba jak amanar ƙirjinsa. Ya kama taya da hannu biyu ya girgiza, ta yi lakwaf-lakwaf. Ya shimfiɗa kwali ya shiga da tocila. Akwai wani hannun ƙarfe da ke riƙe kowace tayar gaba da jikin mota, makanikai na ce masa lowa'am. A inda ya haɗu da jiki akwai bushin, wato roba mai kauri da ke shanye duka kafin ya kai ga mutanen ciki. Ya zura ƙarfen cire taya ya ɗan bankara, sai robar ta zubo masa a fuska kamar garin gawayi. Ƙarfe ne kawai ke dukan ƙarfe. Na gefen direba ya mutu, amma na ɗaya gefen ya fi mutuwa, hannun ma ya ɗan tanƙware. Gefenta ke nan. Shekara guda cur yana zaunar da mace mai ciwon ƙashi a kan wannan. Ya daɗe kwance a wurin, kunya ta hana shi fitowa.

Ya tafi wajen Dogo, wani tsohon bakanike abokinsa mai gareji a bayan tasha, aron kayan aiki.

"Haba Mai Sikeli," in ji Dogo, "kai da ka ba saba'in baya za ka kwanta a ƙarƙashin mota? Kawo ta nan, gobe war haka na gama maka."

"Ku? Ku da kuke ɗaure noti mota na rataye a sama?"

"To, an fara. Shekara goma sha biyu ba ka manta ba?"

"Na manta? Wata uku sabon bushin ya yi ya yage. Roba ce fa, Dogo. In ka ɗaure ta taya na lilo, da ka sauke mota ta murɗe, kuma a murɗe za ta zauna har ta tsage. Sai mota ta tsaya da ƙafafunta, da lodin da ta saba ɗauka a ciki, sannan a yi ɗaurin ƙarshe."

"Wa ke da lokacin wannan?"

"Ni."

Dogo ya girgiza kai, ya ɗauko masa manyan sifanu, da wani ƙarfe mai baki biyu na raba bol joyin, wato mahaɗar hannun ƙarfen da taya, da bututu mai tsawon hannu na ƙara ƙarfi. Da zai tafi Dogo ya tambaye shi ya mai jiki. Ya ce da sauƙi, Alhamis za su koma.

Ranar Asabar ya shiga kasuwar kayan mota. Mai shagon ya ajiye masa lowa'am biyu a kan kanta, duk a kwali iri ɗaya. Ya ɗauki ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya lumshe ido.

"Wannan ya gaza ɗan'uwansa da kusan rabin kilo."

"Baba, kamfani ɗaya ne fa, ga tambari."

"Tambari ba ya da nauyi. Aro min sikelin mai ƙusa na kusa da kai."

Aka aro, aka ɗora, mutane har sun fara taruwa. Giram ɗari huɗu da hamsin. Mai shago ya yi 'yar dariyar rashin gaskiya, ya shige can ciki ya fito da na kirki daga ƙarƙashin tarkace. Wannan ce kaɗai ranar da aka ga haƙoran Mai Sikeli a makon nan.

Aikin da ya yi a yini ɗaya shekara goma sha biyu da suka wuce, wannan karon kwana uku ya ci masa. Gefen direba bai ba shi wahala sosai ba. Ya jiƙa notuna da kalanzir, ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa, suka yi ƙara suka saki. Ya dirka wa ƙarfen nan mai baki biyu guduma, bol joyin ya fita fat. Amma gefenta, wayyo. Doguwar ƙusar baya ta yi tsatsa ta manne da cikin bushin, sun zama abu ɗaya. Ya buga, ya jiƙa, ya gasa da wuta har robar ta kama tana wari, ko gezau. Sifana ta kuɓuce ya daki ƙarfe da bayan hannu, fatar yatsu uku ta saluɓe. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. A ƙarshe dai zarto ya sa, yana kwance rigingine, wurin ko tafin hannu bai kai ba, yana ja kaɗan-kaɗan, garin ƙarfe na zuba masa a ido. Bakin zarto huɗu ya karya. In ya tashi miƙewa sai ya dafa bango ya daɗe a sunkuye kafin bayansa ya yarda.

Tagar ɗakin Inna Tela a kan tsakar gidan take, saboda haka duk tana ji. Wani lokaci in ya yi shiru ya daɗe, sai muryarta ta fito siririya: "Malam, kana nan, ko motar ta ci ka?" Ya ce yana nan. Ta ce, "To madalla, kada ka riga ni." Ya yi kamar bai ji ba.

Ranar Talata Auta ta buɗe firij za ta ɗauko maganin uwarta, sai ta ga sababbin bushin biyu a kwance kusa da kwalaben. Ya sa su ne su yi sanyi su ɗan tsuke, don su yi sauƙin shiga. Ta fito da su a hannu.

"Baba, mene ne wannan a cikin maganin Inna?"

"Mayar da su, ba su gama sanyi ba."

"Kwana uku kana ƙarƙashin mota! Ita tana ciki ita kaɗai tana kallon silin. Jiya sau biyu tana tambayata ko ka ci abinci. Baba, don Allah ka shiga ka zauna da ita. Kwanakin nan fa ba dawowa za su yi ba."

Daga ƙarƙashin mota ƙafafunsa kawai ake gani. Suka daina motsi na ɗan lokaci.

"Ke Auta, ko ki riƙe min tocila, ko ki matsa min daga haske."

Ta ajiye bushin a ƙasa ta koma ciki tana kuka. Ya ji kukan, kuma ya ji zafinsa har ƙasan ransa, amma ya san in ya fito ya shiga ɗakin nan ya zauna, wani abu zai same shi da ba zai iya komawa ya ɗauki sifana ba. Ya jawo bushin, ya shafa musu ruwan sabulu, ya zura doguwar ƙusa da manyan washa, ya yi ta ɗaurewa a hankali har suka shige mazauninsu. Kafin rana ta faɗi hannayen biyu sun hau, notuna duk a sake, suna jiran ɗaurin ƙarshe.

Laraba da hantsi ya sauke motar, ya tura ta waje ya gindaya gabanta a kan busasshiyar kwatar da ke ƙofar gida, yadda zai iya kwanciya a ciki ya kai hannu ga notunan alhali tayoyi na ƙasa. A kujerar direba ya ɗora buhun siminti ɗaya da jarkar ruwa mai lita ashirin, nauyinsa ke nan, har da ɗan ƙari. Sannan ya shiga ɗakin ajiya ya lalubo wata guntuwar sandar tsintsiyar mofa da ya adana tun wancan aikin. Tsaga biyu ce a jikinta da ya yi da wuƙa. In aka kafa ta a ƙasa kusa da tayar gefenta, tsagar sama ita ce inda bakin madigadi, ƙarfen da ya rufe saman taya, ke tsayawa in kujerar ba kowa. Ta ƙasa kuwa ita ce inda ya sauka ranar da Inna Tela ta zauna masa, tana cin gyaɗa tana yi masa tsiya wai ya mai da ta buhun masara. Tsakanin tsagogin faɗin babban yatsansa ne.

Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

"Sai kin zo kin zauna min. Minti goma."

"Baba, ka sa buhu mana!" in ji Auta.

"Bari," in ji Inna Tela. "Ai kujerata ce. Miƙo min babbar rigar nan mai ruwan ƙasa."

Suka fito a hankali, taku ɗaya sai hutu. Auta ta zaunar da ita, ta ɗaga mata ƙafafu ta sa ciki. Mai Sikeli ya danna gaban motar sau biyu ya saki don ta zauna daidai. Ya durƙusa ya kafa sanda.

Bakin madigadi ya baro tsagar sama, amma ko rabin hanya bai kai ba.

Ya gyara gindin sandar, ya share tsakuwar da ke wurin, ya sake kafawa. Ya tashi ya sake danna motar, ya dawo. Nan dai ya tsaya. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana duban zaman ƙafar mota ya faɗi lodinta ba ya bukatar alƙalami a nan. Lissafin ya yi kansa da kansa kafin ya hana shi. Kullum yana ganin fuskarta, ya ga kumatun sun faɗa, ya ga zobe ya koma yatsan tsakiya, amma ya yi ta ce wa kansa ai jikin yana nan, ga riga a cike. Yanzu ga sanda ta faɗa masa, kuma da hannunsa ya tsaga ta.

"Yaya?" in ji Inna Tela ta taga. "Ta sauka?"

"Ta sauka."

"Har ina?"

"Har tsagar ƙasa. Kamar da. Cikakken Lodi."

Ta dube shi ta madubin gefe, ta daɗe tana dubansa.

"Oh ni," ta ce a hankali. "Manaja ya yi ya gaji, direbobi sun yi sun gaji. Ashe a kaina za ka fara."

Ya zame ya shiga kwata ya kwanta, ya kama sifana. Ita ya iya yi wa ƙarya, amma robar dole a ɗaure ta a inda motar ta tsaya da gaske, in ba haka ba yagewa za ta yi. A nan ya ɗaure ta. Noti huɗu ne, yana ja yana kuka, kuka irin na tsofaffi wanda ba ya da sauti, hawaye na gangarawa cikin kunnuwansa. Ta ƙasan mota yana jin ɗan motsinta a kan kujera. Duk da haka wani ɓangare na zuciyarsa bai saduda ba. Cewa yake: ai shi ya sa dole a koma, gobe in an ɗaura mata ruwa za ta fara cin abinci.

Alhamis da safe bai yi mata maganar asibiti ba, ya dai goge motar ya tsayar a ƙofar gida. Sai ga su sun fito, ita da Auta, ta sa rigar nan mai ruwan ƙasa.

"Mutum ya yanke yatsu saboda ni," ta ce, "ai na je na ga aikin."

Kai, aiki ya yi kyau, wannan ba a musu. Motar ta bi layinsu sumul. Ya taka birki a mahaɗa ta tsaya cak, ba fizga. Suka zo tsallaken layin dogo, ya riƙe numfashi, tayoyi suka hau suka sauka, lub-lub, ba gwaram ba ƙwas. Gaban kasuwar katako ma haka. Rabon da cikin motar nan ya yi shiru irin wannan har ya manta. Har ya buɗe baki zai ce, kin ji ko?

Sai ya ji wani sauti.

Ɗan siriri ne, yana zuwa yana komawa. Ya karkata kunne wajen taya, ba daga nan ba ne. Ya kashe fanka. Sun riga sun hau sabuwar kwalta, shimfiɗaɗɗiya, ko tsakuwa babu, amma sautin bai daina ba. Ya waiga. Ta cusa bakin mayafi tsakanin haƙoranta, idonta a rufe, kuma duk numfashin da za ta fitar da ɗan nishi yake fita, irin na wanda aka danne wa ƙirji.

"Tun yaushe kike wannan nishin?"

Ta buɗe ido ta cire mayafin.

"Tun bara."

"Ban taɓa ji ba."

"Ina za ka ji? Motar ce take rufa min asiri, kai kuma ka je ka gyara ta."

Ƙofar asibiti ta bayyana a gaba. Hannunsa ya sa sigina da kansa don sabo. Ya gangara gefen titi ya tsaya, siginar na ta ƙyaf-ƙyaf.

"Auta," ya ce, bai waiga ba, "me likita ya ce?"

Wannan karon ya bari ta ƙarasa. Ta ce ruwan ya daina aiki tun wata biyu da suka wuce, ciwon ya bazu, abin da ruwan ke ƙara mata yanzu amai ne da wahala kawai. Likita ya ce in tana so ta zauna a gida, a ba ta maganin rage zafi mai ƙarfi. Ta ce Inna ta hana a faɗa masa, don ta ga Alhamis ɗin nan ita ce ke riƙe da shi.

"Don kai take zuwa, Baba."

Ya dubi hannayensa a kan sitiyari, da tsumman da ya ɗaure yatsu, da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Kwana shida. Da ya san haka ne, da a bakin gadonta ya yi su. Baƙin ciki ya rufe shi, kuma ba wanda zai ɗora wa laifi.

"Kina so mu shiga?" ya tambaye ta.

"A'a, Malam. Na gaji. Gida nake so."

Ya kashe sigina. Ya ce wa Auta ta shiga ta karɓo maganin rage zafin, su suna nan. Suka zauna su biyu a mota kusan awa guda. Ya ɗora hannunsa mai tsumma a kan nata, ita kuma ba ta ce kamar filaya yake ba.

Da suka iso gida Auta ta zagayo za ta riƙo ta, ya ce ta matsa. Ya sunkuya ya zura hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta. Ta so ta hana, ta fasa. Da ya ɗaga ta sai da ya yi baya kaɗan, don ƙarfin da ya tara ya fi abin da ya ɗauka. A nan ya ji abin da ke cikin rigar. Soso ne ta ɗinke a kafaɗu da ƙirji, ɗinki mai kyau irin nata, ga zane uku ta ɗaura a ƙugu ɗaya kan ɗaya. Da kekenta ta yi wa idonsa wayo, shi da ba direban da ya taɓa yi masa.

Ya ratsa tsakar gida da ita, ya wuce gungumen katako da tsofaffin ƙarafan da ya cire. Ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

"To, Mai Sikeli," ta ce, "nawa?"

Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Ya yi gyaran murya.

"Talatin da tara. Har da soson."

"Yawwa," in ji ta. "Yanzu na ji mijina."

Kwana ashirin da uku ta ƙara, kuma duk a bakin gadonta ya yi su. Motar tana nan har yau, ƙafar gabanta ko ƙwas ba ta yi. Dogo ya taɓa karɓa ya zagaya da ita, ya dawo yana cewa shi a garejinsa ba a taɓa aiki mai kyan wannan ba. Amma Mai Sikeli ba ya iya jure shirun cikinta. Shi da a da ba ya yarda a taɓa masa rediyon mota, yanzu kafin ya tayar da inji sai ya kunna ta ya ƙure murya.